Hakkin Wuri A Kan Baƙonsa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma ba ko wane matafiyi ne ke fita neman ilmi ba. Akwai wanda hayaniyar birni ta gundure shi, ba abin da ya ke so sai ya sami wuri mai shiru, ya sha iska, ya huta. Wannan kuwa ba laifi ba ne, gama jiki yana da hakki a kan mai shi. Abin tambaya shi ne, in wurin nan mai shiru ya zamana inda aka taɓa zaluntar bayin Allah ne, ya kamata baƙo ya je ya ji daɗinsa kawai ya komo, ko kuwa akwai wani hakki da wurin ke binsa?

Domin kada magana ta tsaya a sama, ga misali. Yamma da Ikko, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, akwai wani tsohon gari da a ke kira Badagiri. Yawancin mutanensa Egun ne, sarkinsu kuwa Akran a ke ce da shi. Tsakanin garin da teku akwai wani dogon ruwa kwantacce, wanda a ke ƙetarewa da kwalekwale. Can ƙetare akwai siririn tsibiri na rairayi, sunansa Gberefu, inda masunta ke zaune cikin 'yan ƙauyukansu. Mutumin da ya taso a Arewa, in ya sauka nan sai ya ga kamar wata duniya ya shiga. Ga itatuwan kwakwar Attagara jere, ga taru an shanya, ga mata suna ƙyafe kifi, ga iska mai sanyi tana busowa daga teku. Ba ƙarar mota, ba ihun kasuwa, sai rugugin raƙuman ruwa daga nesa. Lalle mai neman hutu ba shi da ƙorafi.

To, amma shirun nan ba haka ya ke tun asali ba. Shekaru masu yawa Badagiri tashar cinikin bayi ce. A kasuwar Vlekete a ke cinikinsu, sa'an nan a ƙetare da su zuwa Gberefu, a kora su cikin mari ta wata siririyar hanya har gaɓar teku, inda jiragen Turawa ke jira. Tafiyar ba ta kai sa'a guda ba, amma wanda ya yi ta ya rabu da gida ke nan har abada, shi ya sa a ke kiran ƙarshen hanyar Wurin Da Ba A Komowa. A gefen hanyar akwai wata rijiya. Mutanen wurin suna cewa a da akan tilasta wa bayi su sha ruwanta, wai don su manta garinsu da danginsu, kada su yi tawaye. Ingilishi sun hana mutanensu wannan ciniki a 1807, amma bai mutu nan da nan ba. Sai a 1852 sarakunan Badagiri suka sa hannu a kan alkawarin barinsa, a 1863 kuma garin ya shiga hannun Ingilishi. Tsohon ofishin Di'o yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, ana nuna wa baƙi sarƙoƙi da mari da ƙuƙumi, har da ƙanana irin na yara.

Waɗansu suna cewa bai dace a yi annashuwa a irin wannan wuri ba ko kaɗan. A ganinsu wurin kamar maƙabarta ya ke, wanda ya yi dariya a can ya raina hawayen da suka zuba. Maganarsu tana da kama hankali, amma in an bi ta da nisa sai ta kai ga abin da ba zai yiwu ba. Ai a Gberefu ana haihuwa, ana biki, yara suna wasa a rairayi. Za a ce da masunci kada ya yi murna ran da tarunsa ya cika, don abin da aka yi tun kakansa bai zo duniya ba? In da za a ƙaurace wa ko wane wuri da aka taɓa zalunci, da Kasuwar Kurmi ta Kano ma ba ta ci ba, domin can ma an sayar da mutane. Ƙasa ba ta da laifi, ɗa kuma ba a kama shi da alhakin uba.

Waɗansu kuma suna cewa abin da ya wuce ya wuce, baƙo ya biya kuɗin jirginsa, ya sha ruwan kwakwa, ya ɗauki hoto, shi ke nan. Wannan magana ta fi ta farko haɗari, ko da ya ke ta fi daɗin ji. Mai karatu ya tuna da rijiyar nan. Abin da masu cinikin bayi suka fi bukata, bayan mari, shi ne mantuwa. Sun so wanda aka kama ya manta sunansa, wanda aka bari a gida ya gaji da cigiya, na baya kuma kada su tambaya. Saboda haka baƙon da ya taka hanyar nan bai tambayi ko su wa suka taka ta kafinsa ba, ya sha ruwan rijiyar ke nan, shi kuwa ba wanda ya tilasta masa.

Akwai kuma wani tarko na uku, wanda masu tunani suka fi faɗawa. Baƙo ya ga sarƙoƙin nan, ransa ya ɓaci, sai ya ɗora laifin duka a kan Turawa da mutanen bakin teku, ya komo gida yana jin shi da kakanninsa tsarkakakku ne. Alhali kuwa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gaskiya ne Turawa ne suka kawo jiragen, su ne kuma suka ci babbar riba. Amma jirgi bai taɓa zuwa Gobir ko Zazzau ba. Hannu zuwa hannu aka riƙa miƙa mutane, daga fagen yaƙi zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa fatake, ta Nufe da ƙasar Yarabawa, har tashoshin wannan gaɓa irin su Ikko da Badagiri da Wida. Hausawa da yawa ta haka suka kai Bahiya a ƙasar Birazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807, a 1835 kuma waɗansunsu suka shiga babban tawayen da bayi Musulmi suka yi a watan Azumi. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya sauka Badagiri a 1825, a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafintansa wani Bagobiri ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma an sayar da shi har ya kai cikin jirgi, jirgin yaƙin Ingilishi ya ƙwato shi. Watau Bahaushen da ya tsaya a wannan gaɓa yana iya zama dangin wanda aka sayar, yana kuma iya zama dangin wanda ya sayar.

Har wa yau a cikin Badagiri akwai gidan Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919, mai ɗakuna 40 inda a ke tsare bayi kafin jirgi ya zo. Labarin da a ke bayarwa shi ne, shi kansa bawa ne tun yana yaro, da ya sami kansa sai ya shiga cinikin da aka yi da shi. Wannan ya isa abin tsoro ga ko wane mai hankali, domin ya nuna shan zalunci kaɗai ba ya hana mutum zalunci. Abin da ke hana shi sai tsoron Allah da yawan bincikar zuciyarsa.

To, mene ne hakkin wuri a kan baƙonsa? Ba a ce ya yi kuka ba, ba a kuma hana shi hutawa ba. Abin da a ke nema gare shi, ya tambaya, ya saurara, ya sassauta murya inda ya kamata. Ya tuna masuntan nan ba kayan kallo ba ne, shirun da ya zo saye da kuɗinsa su a cikinsa su ke fama da teku tun asuba. Kada ya ɗauki hoton mutum sai da izninsa, kada ya ƙware mai kwalekwale a kan ladansa. Wanda ya zo juyayin mutanen da aka mai da su haja, sa'an nan ya wulakanta rayayyen da ke gabansa, bai fahimci kome ba.

Sauran hakkin kuwa sai ya koma gida zai biya. An kashe bauta da doka a Arewacin Nijeriya a 1936, amma doka ba ta kashe halin da ya haife ta ba, watau mutum ya dubi ɗan'uwansa ya ga riba kawai. Sai ya dubi yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aikatau a gidansa, da leburan da ya riƙe wa lada, da almajirin da ke masa wanki, ya tambayi kansa yadda ya ke da su. In ya gyara ko da abu guda, to, tafiyarsa ta yi amfani, hutun da ya yi kuma ya ci halalinsa. Allah ya ba da ikon gyarawa, amin.