Wa Ya Kamata Ya Ce "Rabo Ne"?

A shekarar 2001 aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano a Wudil, wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ɗalibanta na farko sun doshi shekara 20 da karɓar digiri, furfura ta fara leƙowa. Ɗaurin aure ko zaman makoki ne ke haɗa su yanzu, a nan kuma ake ganin yadda duniya ta yi da kowa. Wani darakta ne a Abuja, wani yana fataucin shanu a kasuwar Juma'a ta Wudil, wani ya koma gida Indabo, yana koyarwa da safe, da la'asar ya nufi gona. Akwai waɗanda sai dai a bi su da addu'a. Malamai ɗaya suka koyar da su, jarrabawa ɗaya suka rubuta, kuma sau da yawa ba wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa ne a gaba ba.

Arewa ta daɗe da sanin wannan. A makarantar sakandaren Bida, Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa 'yan aji ɗaya ne. Biyu sun mulki Nijeriya, Babangida daga 1985 zuwa 1993, Abdulsalami daga 1998 zuwa 1999. Vatsa, soja kuma marubucin waƙoƙi da ya riƙe ministan Abuja, an harbe shi a Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, a ƙarƙashin gwamnatin abokinsa na ƙuruciya. A Katsina, Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa tare suka yi karatu, tare suka shiga soja. Shehu ya riga abokinsa hawa, don a 1976 ya zama na biyu a gwamnatin Obasanjo, amma a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disamban 1997. Buhari ya sha tsarewa bayan an hamɓarar da shi a 1985, ya dawo mulki ta hanyar ƙuri'a a 2015.

Bahaushe yana da amsa a bakinsa: rabo ne. Amsar daidai take, abin dubawa shi ne wanda ke faɗinta. A taron tsofaffin ɗalibai, wanda aka bari a baya ne ke cewa "haka Allah ya tsara", don ya sanyaya zuciyarsa. Wanda ya samu kuwa, labarin ƙwazonsa yake bayarwa, yadda ya hana idonsa barci, yadda ya iya zama da manya. Alhali shi ne ya fi kowa bukatar tuna rabo.

Alƙur'ani ya yi gargaɗi kan haka a Suratul Ƙasas. Ƙaruna daga mutanen Annabi Musa yake, ya tara dukiyar da makullan taskokinta ma kaya ne, ya kuma jingina ta ga iliminsa. Bayan ƙasa ta haɗiye shi, waɗanda jiya suke burin samun irin tasa suka gane cewa Allah ne ke yalwatawa, shi ke ƙuntatawa. Suratuz Zukhruf ta ƙara bayanin hikimar: an fifita wasu a kan wasu a abin duniya domin mutane su yi wa juna aiki. Daraktan da ke Abuja yana cin geron da abokin karatunsa ya noma, malamin Indabo kuma shi ke koya wa injiniyan gobe baƙi. Fifikon amana ce, kuma za a tambayi mai ita.

Sai dai rabo ba mayafin zalunci ba ne. Idan an ba ɗan wane aiki aka tsallake wanda ya cancanta, ko malami ya yi ritaya ya shekara yana bin haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis, akwai hannun mutum a ciki, kuma mai hannun zai amsa. Malaman tauhidi a zaurukanmu sun koyar cewa Allah ne mai halitta aiki, bawa kuma ana kama shi da abin da ya zaɓa. Sayyidina Umar ma, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, bai ɗauki hakan saɓa wa ƙaddara ba. Wanda aka danne yana da damar neman haƙƙinsa, imaninsa bai ragu ba.

Saboda haka ƙungiyar 'yan aji ta fi ƙarfin walimar naɗin sarauta da taya murnar ƙarin girma. Su ne suka san wanda ya fi kowa lissafi amma ciwo ya kwantar da shi, su suka san marayun da abokinsu ya bari. Mai kujera a cikinsu zai iya biyan kuɗin rajistar yaro ɗaya a Wudil, ya bi takardun fanshon wani har a biya, ya kuma ƙi sa hannu a jerin ɗaukar aiki da aka cika da 'ya'yan manya, ko da sunan ɗansa na ciki.