Lafiyar Mutum, a Hannun Wa Take?

A jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka akwai wani ƙaramin gari, ana ce da shi Roseto. Talakawa ne suka kafa shi, mutanen wani ƙauye mai wannan suna a kudancin Italiya, waɗanda suka fara ƙetare teku a shekara ta 1882. Mazansu suna fasa dutse a cikin ramuka masu zurfi, daga baya matansu suka shiga masana'antun ɗinkin riguna.

A farkon shekarun 1960 wani likita mai suna Stewart Wolf ya ji labari cewa da wuya bugun zuciya ya kashe mutumin Roseto. Shi da abokan aikinsa suka bi takardun mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar masu mutuwa da wannan ciwo a Roseto wajen rabin na Bangor ne, garin da yake maƙwabtaka da su, ruwan shansu ɗaya, likitocinsu ɗaya. Aka duba abinci, sai ga shi da kitsen alade suke suya. Suna shan taba, suna shan ruwan inabi, masu ƙiba kuma ba su da wuyar gani. Aka ce ko gado ne, amma danginsu da suka zauna a waɗansu garuruwan Amurka ba su tsira haka ba.

Abin da ya rage shi ne zamansu. Kakanni da iyaye da jikoki gida ɗaya, akushi ɗaya. Mutum ba ya wuce mutum a hanya bai tsaya ba. Garin bai kai mutum 2,000 ba, amma ƙungiyoyinsa 22 ne, ga kuma ikkilisiya a tsakiyar kome. Mai kuɗi yana jin kunyar nuna kuɗinsa, wanda ya faɗi kuwa ba a barinsa a ƙasa.

Wolf da abokinsa John Bruhn suka ce idan wannan zama ya watse, ciwon zai shigo. Haka kuwa aka yi. Binciken da aka buga a 1992, wanda ya bi shekara 50 daga 1935 zuwa 1985, ya nuna Roseto ta kamo Bangor. Gaskiya ne waɗansu masana suna cewa garin ya yi ƙanƙanta da za a gina babbar magana a kansa. Amma a 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka haɗa bincike 148, na mutum fiye da 300,000, suka ga masu zumunci mai ƙarfi sun fi marasa shi damar tsawon rai da wajen kashi 50 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin wanda yake shi kaɗai yana zama cikin shirin tsoro dare da rana, jini yana hawa, barci yana ƙaranci. Ban da haka, ba mai lura ya rame, ba mai kai shi asibiti da tsakar dare.

A nan ne tambaya mai nauyi take. An saba ɗaukar lafiya kamar gonar mutum, abin da ya shuka shi zai girba. Ana iya ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, wannan a hannunsa yake. Amma wa zai ce wa gwauruwa ta je ta samo wa kanta mai ziyara? Maganinta yana ƙafar maƙwabci, kamar yadda Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Idan haka ne, wanda ya daina leƙa tsohon da ke bayan dangarsa ya ɗauke masa wani abu, ko da bai taɓa yi masa mugun nufi ba. Cikar gida ma ba shaida ba ce. Mace takan zauna cikin mutum 20, ta shekara ba wanda ya tambaye ta abin da ke ranta.

Duk da haka ba daidai ba ne a mai da samarin Roseto masu laifi. Iyayensu ne suka shaƙi ƙurar dutse domin su yi karatu, kada su gāji ramin. Da suka yi karatun suka sami aiki nesa, suka so gida mai fili da shinge, suka gaji da zaman da kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Zumunci yana da tsada, kuma sau da yawa mata da ƙanana ne suke biya. Kowane ɗayansu ya zaɓi abu mai kyau, amma da aka tara zaɓen duka sai aka sami asarar da ba wanda ya nufa, ba kuma wanda za a kama da ita shi kaɗai.

Birtaniya ta naɗa minista domin matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Mutanen Roseto kuwa ba su taɓa sanin magani suke yi wa juna ba. Ba wanda ya zauna a ƙofar maƙwabcinsa da yamma domin ya ƙara wa kansa shekaru. Sai da baƙi suka zo da takardu suka faɗa musu, a lokacin kuwa 'ya'yansu sun riga sun fara aza harsashin gidaje a bayan gari.