Daga Sama Kowane Gari Ƙarami Ne

Yau tambaya na zo da ita, wadda ta daɗe tana cina a rai: shin laifi ne mutum ya ji labarin ɓarna ya yi dariya?

Kada wata ta yi saurin cewa ita ba ta yi, domin dukanmu mun yi. A shekarar 2018 aka ba da labari daga Makurɗi cewa wai maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB. Ba mu gama share hawayen dariya ba, sai ga 2019 an ce goggon biri ya lamushe naira miliyan 6 da dubu 800 a gidan zu na Kano, har gwamna ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. A lokacin ko kuɗin cefane ne suka yi ƙafa, sai ki ji uwargida ta ce wa maigida, "Ai maciji ne ya bi ta ɗakin." Ni ma na dara har da riƙe ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Amma akwai ranar da dariyar ta maƙale mini a wuya. A ƙarshen 2021 ne, muna zaune a wani gidan suna a Sakkwato, sai wata ta kawo labarin da jaridu suka buga, wai 'yan bindiga sun tuɓe maigari a Gangara ta ƙasar Sabon Birni, sun naɗa nasu, har suna yanka wa mutane haraji suna yin shari'a. Ɗaki ya kaure da shewa. Wata ta ce, "Ke! Ɓarawo da rawani? To saura ya nemi 'yan majalisa." Aka sake fashewa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jujjuya cokali a cikin kwano, don ni 'yar Sabon Birni ce, dangin mahaifiyata kuma suna Isa. Abin da suke yi wa shewa, a wurinmu ma'anarsa ita ce an sayar da geron da za a ci da damina an kai wa wanda ya kashe ɗanki, don ya bar ki ki kwana a ɗakinki.

Na dawo gida raina a ɓace. Sai dai da na kwanta na yi tunani, sai na ga ashe ni ma ba ni da bakin magana. Kuɗin da aka ce maciji ya haɗiye, na 'ya'yan talakawa ne masu neman shiga jami'a, akwai uwar da ta sayar da akuyarta kafin ta haɗa su. Ni ma na yi dariya ne saboda abin ya faru nesa da ni. Ashe nisa ne ke mayar da kukan wani abin nishaɗi.

Ban gama fahimtar wannan magana ba sai ranar da na fara hawa jirgin sama. Ƙanwata ce ta haihu a Abuja aka yi mata aiki, mijinta ya ce bai yarda in bi hanyar Gusau da Funtuwa da Kaduna a mota ba, ya aiko mini da tikiti. Tafiyar da mota ke kwashe yini guda tana yi, jirgi awa ɗaya da 'yan mintoci yake yi. Amma fa sai da muka yi zaman awa huɗu a filin jirgin Sakkwato muna jiran tafiyar awa ɗayan, kowane lokaci a ce mu ƙara haƙuri. Wannan shi ne abin mamaki na farko.

Na biyu kuwa a wurin bincike ne. A gabana akwai wata dattijuwa, daga jin harshenta na san ta gida ce. Ɗanta ne zai kai ta asibiti a duba mata ido. Jakarta ta bi ta cikin na'ura, sai ma'aikaciya ta zaro wata gora cike da fura da nono, da ɗan almakashin da take yanke zare da shi, ta ce waɗannan ba za su shiga ba. Ɗan ya yi ta yi mata bayani cewa doka ce ta duniya, tun 2006 da aka kama wasu a Ingila suna shirin tayar da bam a jirgi da wani ruwa da za su ɓoye cikin kwalaben lemo, aka taƙaita shiga da abin sha. Tsohuwa ta saurare shi tsaf, sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, kin ga ikon Allah? Can gida mutane na yawo bisa babur da bindiga rana tsaka, babu mai ce musu uffan. Ni da 'yar hurata anka tare."

Duk wanda ke kan layin sai da ya dara, har ma'aikaciyar. Ita ma tsohuwar tana dariya har da tafa hannu.

Allah ya sa kujerarmu ɗaya, ni ta gefen taga. Na ce, "Inna, daga ina?" Ta ce daga wani ƙauye a ƙasar Isa, amma yau shekara uku ke nan rabonta da shi. Ta faɗi wannan ba tare da muryarta ta canza ba, kamar mai faɗin farashin gishiri. Ta ce mijinta a gona aka same shi. Ɗiyarta guda tana can ƙasar Maraɗi da 'ya'yanta cikin 'yan gudun hijira, wajen Gidan Runji. Rumbunansu uku, an ƙone biyu an kwashe ɗaya. Ta ƙare da cewa, "Mun gode Allah, mu da munka fita da ranmu."

Jirgi ya ɗaga, na leƙa ƙasa. Na san ba ta kan garinmu muka bi ba, amma garuruwan da nake hange irin namu ne. Gidaje kamar an watsa tsaba a tabarma, gonaki kamar facin zane, hanya kamar zaren da ya faɗi a ƙasa. Ba a ganin mutum ko ɗaya. Wani wuri na hango hayaƙi siriri yana tashi, na kasa sanin ko sassabe ake ƙonawa ko gidan wani ne ke ci. A daidai lokacin aka miƙo mini lemo da biskit, na karɓa na ce na gode. Wallahi sai na ji kunya ta kama ni. Na ce a raina, ashe haka manya ke ganinmu. Wanda kullum ta sama yake wuce ƙasarsa, yaya za a yi ya san ƙauye na da suna, kuma kowane gida na da mai shi?

Sai dai 'yan uwa, kada mu tsaya kan manya kawai. Ba sai da jirgi ake hawa sama ba. Duk wadda ta samu ɗaki mai ƙofa a birni, tana kwana ba ta jin ƙarar babur ta firgita, ita ma ta ɗan ɗaga sama. Daga inda take, labarin Gobir lissafi ne kawai a rediyo. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin, har sai mutum ya nemi inda layin Nijar ke kamawa kafin ya sanar da dangi rasuwa. A watan Disamba na shekarar aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, hukuma ta ce 23 ne suka rasu. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta kalli bidiyonsa a ɗaure yana neman taimako. Ƙasar da Bawa Jangwarzo ya mulka daga Alƙalawa, ita ce sarkinta ya yi roƙo a cikin daji. Mu nawa ne muka kalli bidiyon nan, muka tura wa wata, muka koma kan hirar anko?

Wata za ta ce, to Hajiya, so kike mu zauna muna kuka dare da rana? Tuwo fa sai an tuƙa, yara sai an yi musu wanka, zuciya kuma in ba ta sha iska ba fashewa za ta yi. Gaskiya ne, ban musa ba. Ai tsohuwar nan ma ta yi dariya, kuma ta fi mu dalilin kuka. Abin da na gano shi ne dariya iri biyu ce. Akwai ta mai ciwo, wadda yake yi don ya samu ƙarfin ɗaukar kayansa ya ƙara gaba. Wannan haƙƙinsa ne, babu mai hana shi. Akwai kuma ta ɗan kallo, wadda yake yi don ya sauke nauyin abin daga kansa ya wuce. Ga yadda za ki bambance su: in kin gama dariyar, ki duba zuciyarki. Idan kin ji kin ƙara kusantar mai ciwon, babu komai. Idan kuwa kin ji ya ƙara zama ƙarami a idonki, kamar gidajen da na hango ta taga, to ki yi istigfari.

Akwai wani abu da ma'aikaciyar jirgi ta faɗa kafin mu tashi, wanda da farko ya ba ni haushi. Ta ce idan iska ta yi ƙaranci, wata 'yar roba ta numfashi za ta sauko, kowa ya fara sa tasa kafin ya sa wa yaron da ke tare da shi. Na ce a raina, wace uwa ce za ta yi haka? Daga baya na gane hikimar. Uwar da ta suma ba za ta ceci ɗanta ba. Amma ku lura da ƙarshen maganar: an ce ki fara sa taki ne don hannunki ya samu ƙarfin sa wa na kusa da ke. Ba a ce ki sa ki jingina ki rufe ido ba.

Saboda haka wadda Allah ya fitar da ita ta samu wurin numfashi, ba ta yi laifi ba. Laifin yana farawa ne in ta manta dalilin da aka ba ta numfashin. Matan nan da ke kwana a kangaye a Sakkwato, suna buga mana ƙofa da sassafe da yara a goye, da yawansu jiya su ne masu rumbu, su ke aiko mana da gero da man shanu. Ki daina miƙa musu ƙanzo ta bayan ƙyaure. Ki shimfiɗa mata tabarma, ki tambaye ta sunanta da sunan garinsu. In kina da wanki ko surfe ko sana'ar da za ki koya mata, ki ba ta ki biya ta da mutunci. In makarantar allo ko ta boko na kusa, ki riƙe hannun ɗanta ki kai shi tare da naki. In an kawo labarin garinsu a gidan biki ana shewa, ki yi ƙarfin hali ki ce, "Ku yi a hankali, mutane ne a ciki." Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Da muka sauka Abuja, wasu suka yi tafi don murnar an iso lafiya. Tsohuwa ba ta tafa ba. Ta riƙo hannuna ta ce, "Ɗiyata, in kin koma gida ki gaishe min da mutanenmu." Ban tambaye ta ko su waye suka rage ba, na ce za su ji. To ga shi na isar, ta hanyar da na iya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya hana mu ƙeƙashewar zuciya. Amin.