Haƙƙin Littafi a Kan Wanda Ya Karanta Shi

Daga cikin haƙƙoƙin da al'ummar Hausawa ta yi sakaci da su a wannan zamani akwai haƙƙin da littafi mai amfani yake da shi a kan wanda ya karanta shi, wato ya sanar da waninsa abin da ya tarar a ciki da dalilin da ya sa ya cancanci a ba shi lokaci. Mutum yakan kalli sabon fim ya wuni yana ba da labarinsa a majalisa, amma idan ya kammala littafin da ya gyara masa tunani sai ya rufe ya ajiye, ya ja bakinsa ya yi gum, alhali hadisi ya inganta cewa mai nuni zuwa ga alheri yana da lada kwatankwacin na mai aikata shi.

Magabata ba haka suka riƙi karatu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya ambaci malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu, ciki har da yayansa Shehu Usmanu, tare da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, ta yadda ɗalibin da ya zo baya zai san abin da zai nema da kuma inda zai fara. Akwai kuma al'adar taƙarizi, wato 'yan kalmomin yabo da shaida da wani malami yake rubutawa game da littafin ɗan'uwansa bayan ya duba shi, kuma malami mai kishin mutuncinsa ba ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Nana Asma'u ta faɗaɗa wannan hanya ta hannun jajojinta, matan da suke ɗaukar waƙoƙinta na ilmantarwa su kai wa 'yan taru a ƙauyuka.

Littattafan boko ma ba da ƙafarsu suka shiga gidaje ba. Waɗanda gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar a Zariya, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, makaranta ce ta rene su, malamai suka sa su a hannun ɗalibai. Amma adabin da ya bunƙasa a Kano daga shekarun 1980, wanda akasarin marubutansa da kuɗin aljihunsu suka buga ayyukansu, bai samu wannan gata ba, sai dai baki ya tallata shi: wata ta karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ta gaya wa maƙwabciyarta, ita kuma ta aiki yaro shagon hayar littattafai, gidajen rediyo kuma suna karanta wasu a shirye-shiryensu.

A yau rubutu ya yi yawa har ya fi ƙarfin mai zaɓe, domin kowace waya cike take da labaran da ake turowa ta WhatsApp ba tare da wani ya tace su ba, don haka buƙatar mai nuni ta ƙaru. Sai dai nuni shaida ce, shaida kuwa amana ce mai sharuɗɗa. Bai halatta mutum ya yaba littafin da bai kai ƙarshensa ba, ko wanda bangonsa kawai ya gani, kuma yabon da aka gina a kan cewa marubucin aboki ne ko ɗan ƙungiya ɗaya yaudarar mai karatu ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Cewa littafi "ya yi daɗi" kawai ba ta wadatar ba. Ya kamata a faɗi abin da ya ƙunsa, da wanda ya dace da shi, domin abin da zai amfani magidanci ba lallai ne a miƙa wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba, sannan a faɗi rauninsa idan yana da shi, kamar kurakuran ƙa'idar rubutu ko jan labari ba gaira ba dalili. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yi wa mutane nauyi, saboda kunya da kara, amma marubuci ya fi amfana da mai gaya masa gaskiya. Haka nan wanda ya tura wa jama'a kwafin littafin da ake sayarwa ba da izinin mai shi ba, ya sani cewa ya ci gumin marubucin da yake cewa yana ƙauna.

Nauyin ya fi hawa kan waɗanda ake jin maganarsu: malamin makaranta da zai iya ware 'yan mintoci a ƙarshen darasi, da limamin da ke karantarwa tsakanin magariba da isha'i, da iyayen da 'ya'yansu ba su taɓa jin suna hirar wani littafi ba. Akwai kuma giɓi tsakanin masu karatu na Nijeriya da na Nijar, inda abin da aka rubuta a Damagaram ko Maraɗi kan daɗe bai iso Kano ba, duk da cewa fatake da ɗalibai suna kai da komo kullum. Wanda kuma aka yi wa nuni har aka ba shi aro, wajibi ne ya mayar da littafin cikin lokaci kuma ba a yage ba, domin rashin mayarwa ne ya sa masu littattafai da yawa suka kulle kabad suka daina faɗin abin da suke karantawa.