Lauyan da Ke Gyangyaɗi a Kotu

A shekarar 1984 wata kotu a jihar Texas ta Amurka ta yanke wa Calvin Burdine hukuncin kisa, alhali lauyan da aka naɗa masa ya yi ta gyangyaɗi ana tsaka da sauraron shaidu. Sai a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da cewa lauya mai barci da rashin lauya duk ɗaya ne. Tun 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙolin ƙasar ta wajabta wa jihohi samar wa talaka lauya, amma zaman mutum a kujerar lauya bai zama kariya ba. A shari'ar Strickland ta 1984 kotun ta ce wanda aka ɗaure sai ya nuna lauyansa ya yi sakaci, kuma sakacin na iya sauya hukuncin. A ganina wannan nauyi ya yi yawa. Mutumin da ke kurkuku ta yaya zai tabbatar da abin da shaidan da ba a kira ba zai faɗa?

Akan ce mai gaskiya ba ya buƙatar lauya, aikin lauya kuma wanke mai laifi ne. Wannan magana ta manta cewa alƙali ba ya ganin zuciya, abin da aka kawo gabansa yake ji. Hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna Annabi (SAW) da kansa ya yi gargaɗin cewa wani mai ƙara kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja har a yanke hukunci ya samu abin da ba nasa ba. To ina ga manomin da bai taɓa shiga kotu ba, aka tsayar da shi gaban mai gabatar da ƙara da ya goge a aikin? Shi kansa Gideon, talakan da aka fara ɗaurewa ba tare da lauya ba, da aka sake shari'arsa da lauya, an wanke shi.

Wasu kuma kan kawo batun kuɗi, kuma da gaskiyarsu, domin lauya nagari tsada gare shi. Sai dai gwamnatin da ke biyan ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da gandiroba ba za ta ce aljihunta ya bushe ba idan aka zo kan mai kare wanda take tuhuma. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa wanda ake tuhuma damar ɗaukar lauyan da ya zaɓa, kuma tun 1976 akwai hukumar ba da agajin shari'a. Wanda ba shi da abin biya kuwa ba shi da zaɓi, don haka hukuma ce ya kamata ta tabbatar lauyan da ta ba shi ya gana da shi kuma ya karanta fayil ɗinsa kafin ranar zama.