Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tunani a Kan Karon Taurari

Duk wanda ya kwana a tsakar gida a Birnin Tudu ko Bakura, a daren da babu wata, ya san wannan farin hazo da ke ratsa sararin sama. Masana sun tabbatar cewa babban garken taurari ne, sama da biliyan 100, rana kuwa ɗaya ce daga cikinsu. Irin waɗannan garkuna ba su ƙidayuwa, wani lokaci kuma sukan yi karo da juna.

A ran 24 ga Afrilu, 1990, aka harba madubin hangen nesa mai suna Hubble zuwa sama, inda ƙura da gajimare ba su kare masa gani. A 1997 aka fitar da hoton da ya ɗauka na garkuna biyu da ake kira Antennae, sun kutsa cikin juna, da tarin sababbin taurari fiye da rukuni 1,000 a tsakaninsu. Sa'an nan a ran 25 ga Disamba, 2021, aka harba wani madubin da ya fi shi girma, James Webb. Cikin hotunansa na farko, a Yulin 2022, akwai na garkuna biyar da Édouard Stephan ya fara hanga daga Faransa a 1877. Huɗu daga cikinsu suna jan juna, haskensu kuwa ya yi tafiyar shekara wajen miliyan 290 kafin ya iso mana.

Abin mamaki shi ne, a irin wannan karo da wuya tauraro ya bugi tauraro, saboda yawan tazarar da ke tsakaninsu. Tauraron da ya fi kusa da rana ma, sai haskensa ya yi sama da shekara 4 a hanya. Abin da ke gwabzawa shi ne gajimaren iska da ƙura. Idan suka matsu, sai su dunƙule, su yi zafi, su zama sababbin taurari. Garkenmu ma yana da maƙwabci, Andromeda, mai matsowa da gudun kilomita wajen 110 a daƙiƙa. A 2012 an yi lissafin cewa za su haɗu bayan shekara wajen biliyan 4, amma binciken 2025 ya nuna al'amarin rabi da rabi ne.

To, ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mutum yakan dubi waɗannan hotuna ya ce: tun da rushewa tana haifar da sabon haske a sama, ashe haka take a ƙasa, kada a damu da wanda ya sha wuya muddin alheri ya biyo baya. Shin alherin da ya biyo bayan ɓarna yana wanke ta?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978. Wanda ya dube ta a taswira zai ga tafki da magudanai da koren fili a tsakiyar rani, kuma gaskiya ne shinkafar da aka noma da ruwanta ta ciyar da gidaje masu yawa. Amma manoma sun rasa gonakin gādo, kuma a Afrilun 1980, sa'ad da suka tsaya neman diyya, an far musu da bindiga, rayuka suka salwanta a Birnin Tudu da kewaye. Taswira ba ta nuna wannan.

Nan ne kwatancin ya karye, ta fuska biyu. Ta farko, tauraro ba ya jin zafi, ba ya barin marayu. Karon mutane kuwa babu tazara a cikinsa, kan uba da uwa da ɗa yake sauka. Ta biyu, garken taurari ba shi da zaɓi, ƙarfin jan juna ne ke kai shi inda ya kai shi. Mutum kuwa an ba shi hankali da lamiri, yana iya tsayawa ya saurara, yana iya biyan hakki kafin ya taɓa gonar wani. Saboda haka za a tambaye shi abin da ba za a tambayi tauraro ba. Alheri na iya tsirowa daga kufai, mu kuma gode in ya tsiro, amma bashin wanda aka zalunta yana nan sai an biya.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. A yau, da tashin hankali ya raba mutanen Zamfara da yawa da ƙauyukansu, yana da sauƙi mu ji labarinsu daga nesa a matsayin adadi kawai. Mu matsa kusa. Mu san sunan wanda ya yi gudun hijira zuwa unguwarmu, Kirista ne ko Musulmi, mu tambaye shi abin da ya ci yau.

Allah ya ba mu idon hangen nesa, ya kuma ba mu zuciyar da ke zuwa kusa. Amin.