Hoton Ciki a Makonnin Farko da Sanin Abin da Ke Cikin Mahaifa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sifanta bayi a cikin mahaifa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako tana kan na'urar nan ta hoton ciki wadda jama'a ke kira sikanin, musamman abin da take iya nunawa tun ciki yana sabon shiga, da kuma inda iyakarta ta tsaya.

Wani likita mai suna Ian Donald ne da abokan aikinsa suka bayyana amfanin wannan na'ura a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan a shekarar 1958. Aikinta shi ne ta aika da wani sauti wanda kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, sautin ya bugi gaɓoɓi ya komo, sa'an nan ta mai da amon ya zama hoto. Saboda haka ta bambanta da hoton ƙashi, wanda akan guje wa mai ciki da shi in ba dole ba.

Lalle ne mu fara sanin yadda likitoci ke lissafi. Su suna ƙidaya makonni daga ranar farko ta jinin haila na ƙarshe, watau kimanin mako 2 kafin cikin ya shiga. A mako na 4, galibi ba a ganin kome ko da gwajin fitsari ya tabbatar da ciki. Wajen mako na 5 sai a hangi 'yar jaka mai faɗin milimita 2 ko 3. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan zobe ya bayyana a cikinta, wanda ke ciyar da ɗan tayi a farkon al'amari. Wajen mako na 6 ake ganin ɗan tayin da kansa, bai wuce ƙwayar dawa ba, da kuma bugun zuciyarsa. Wannan kuwa idan an duba ta gaban mace ne. Idan ta saman mara aka duba, akan makara da kamar mako guda. A waɗannan makonni na'urar na iya nuna inda cikin ya zauna, da shekarunsa na kwanaki, da ko tagwaye ne. Amma namiji ne ko mace, sai wajen mako na 18 zuwa 20 ake bambancewa da kyau.

To, waɗansu bayin Allah sukan ce duba cikin mahaifa shisshigi ne ga gaibu, suna kafa hujja da aya ta 34 ta Suratu Luƙman, inda aka ambaci abin da ke cikin mahaifa a jerin abubuwa biyar da Allah Ya keɓanta da saninsu. Malamai sun warware wannan tun kafin a san na'ura. Ibnu Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan Hijira, ya bayyana a tafsirinsa cewa da zarar Allah Ya yi umarni da abin da za a halitta, mala'ikun da aka wakilta sukan sani, haka kuma wanda Ya so daga cikin bayinSa. Hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna cewa bayan matakai uku na kwana arba'in arba'in ake busa rai, a rubuta arziki da ajali da aiki, da ko mutum ɗan aljanna ne ko ɗan wuta. Kwana 120 ɗin nan ya yi daidai da wajen mako na 19 a lissafin asibiti. Wace na'ura ce ta taɓa karanta ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan? Likita yana ganin abin da Allah Ya riga Ya halitta ne, kamar yadda manomi ke ganin hadari ya haɗo, alhali bai san gonar da za ta sha ba.

Wajibi ne magidanta su lura da abu biyu, domin rai na iya salwanta ta dalilinsu. Na farko, wani lokaci ciki yakan zauna a wajen mahaifa, yawanci a cikin bututun da ƙwai ke bi. Wannan yana faruwa a kamar ciki 1 ko 2 cikin 100. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, kuma idan bututun ya fashe jini yakan zuba a cikin mace har ta halaka. Alamominsa su ne ciwon mara mai tsanani, sau da yawa a gefe guda, da ɗigar jini, da jiri ko suma. Mijin da ya hana matarsa zuwa asibiti a wannan hali, ko ya tsaya ga jiƙe-jiƙe, ya tozarta amanar da Allah Ya ba shi. Cire irin wannan ciki ceton rai ne, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Maganar al'aura kuwa, a nemi mace ma'aikaciya tukuna. Idan ba a samu ba, malaman fiƙihu sun halatta wa likita duba gwargwadon lalura.

Na biyu shi ne gaggawa. Sau da yawa akan ce wa mace an ga jaka ba a ga ɗa ba, sai hankalinta ya tashi, ta ɗauka ɓari ne, har wani mai sayar da magani ya ba ta abin wankin ciki. Alhali kuwa mai yiwuwa lissafin kwanakin ne ya kuskure, musamman ga mai shayarwa ko wadda hailarta ba ta da tsayayyen lokaci. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a yanke hukuncin mutuwar ciki da gani ɗaya sai ɗan tayi ya kai milimita 7 ba bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 ba kome a ciki. Idan bai kai haka ba, sai a sake dubawa bayan mako 1 ko 2. Mu tuna kuma cewa mashhurin zance a mazhabar Maliku shi ne haramcin zubar da ciki ko da bai cika kwana 40 ba. Wanda ya yi gaggawa a nan yana iya kashe tsiron da ke raye.

Saboda haka, 'yan'uwa, a je awo da wuri, a saurari masana, a yi haƙuri da kwanakin jira, a yawaita addu'a. Idan kuwa Allah Ya ƙaddara ɓari, kada a ɗora wa mace laifi, kada a zargi kishiya ko maƙwabciya, domin mafi yawan ɓarin farko daga matsalar halittar ɗan tayin yake, ba daga hannun kowa ba.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba mu zuriya ɗayyiba. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.